EYAM: Ƙauyen Ingila Da Ya Kulle Kansa Don Maƙwabta Su Tsira

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilimi, sannan Alƙur'ani mai girma ya kwaɗaitar da mu a wurare da dama mu yi tafiya a bayan ƙasa mu dubi abin da ya sami waɗanda suka gabace mu. To a wannan fitowar ki yafa mayafinki, ki ɗora rigar sanyi a kai, domin zan kai ki wani ɗan ƙauye a ƙasar Ingila da ake rubuta sunansa Eyam, amma masu garin "Iim" suke kiransa.

Ƙauye ne ɗan ƙarami, domin a ƙidayar 2011 mutum 969 kacal aka samu a cikinsa, wato wata Islamiyyar ta cikin birni ma ta fi shi yawan jama'a. Duk da haka baƙi ba sa yanke masa, musamman 'yan makaranta da malamansu. Ni ma Allah ya nufe ni da zuwa ne a wani watan Agusta, sa'ad da muka je ni da maigida barkar haihuwa wurin ƙanwata da ke aure a birnin Sheffield. Mijinta ne ya ce da ni, "Yaya, tunda ke malama ce, akwai inda ya kamata ki gani kafin ki koma gida." Abin da na gani a can, da abin da ya tuna mini na addininmu, shi na ga ya dace in kawo miki.

Ina ne Eyam?

Eyam yana lardin Derbyshire ne a tsakiyar Ingila ta wajen arewa, kimanin kilomita 250 daga birnin Landan. Daga Sheffield kuwa bai wuce kilomita 20 ba, tafiyar kusan rabin awa a mota. Yana cikin wani yanki mai tuddai da kwaruruka da ake kira Peak District, wanda a 1951 gwamnati ta keɓe shi a matsayin yankin da za a kiyaye kyansa, kuma shi ne na farko da aka yi wa haka a duk Birtaniya. Kada ki ɗauka irin gandun dajin Yankari ne da babu mazauna. A nan akwai garuruwa da gonaki da makiyaya, sai dai ba mai yin gini ko rushe wani abu yadda ya ga dama. Shi ya sa za ki ga gidajen Eyam yawancinsu na dutse ne, wasunsu sun haura shekara 300 ana zaune a ciki.

Ƙauyen yana kwance ne a gefen tudu, kimanin mita 240 sama da teku, ya miƙe a kan titi guda ɗaya dogo. Ta arewa wani dogon tsauni ne ya yi masa rumfa, mai duwatsu masu duhu da kaushi, irin waɗanda ake sassaƙa dutsen niƙa da su. Ta kudu kuwa farin dutse ne, irin wanda ake ƙonawa a yi farar ƙasa da siminti, kuma a can ne ƙasa ta tsage ta yi wani kwari mai zurfi inda maƙwabcin ƙauye Stoney Middleton yake. Ta gabas kogin Derwent ne ke wucewa a ƙasan kwari. In kin ɗaga ido, ko'ina katangu ne na duwatsu da aka jera ba laka ba siminti, sun yanyanka filayen ciyawa gida-gida, tumaki masu gashi buzu-buzu suna kiwo a ciki ba makiyayi.

Kin san me ya sa mutane suka zaɓi zama a daidai wannan wuri? Ruwa ne. Ruwan saman da ya sauka a kan tsaunin arewa yana tsiyaya ta cikin dutse har ya tarar da wata shimfiɗa da ba ya iya ratsawa, sai ya ɓuɓɓugo a gindin tsaunin. In ya gangara kan farin dutsen kudu kuwa, shanyewa yake ya ɓace a ƙarƙashin ƙasa. Saboda haka gidajen suka jeru a inda idanun ruwa suke. Tun a 1588 mutanen garin suka jera komaye na dutse a wurare daban-daban suka janyo ruwa zuwa cikinsu, kowa ya zo ya ɗiba, abin da ake lissafawa cikin tsarin ruwan sha na jama'a mafi daɗewa a ƙasar. Har yau wasu komayen na nan, ruwa na zuba a ciki. Sana'ar garin a da ita ce haƙar dalma da kiwo, daga baya aka yi saƙa da ɗinkin takalma.

Sanyi, yayyafi da doguwar rana

Uwargida, a Eyam babu damina babu rani irin namu. Ruwa na iya sauka a kowane wata cikin goma sha biyun nan. Iskar da ke tasowa daga tekun Atilantika ta yamma ita ke kwaso danshi, in ta ci karo da tuddai sai ta sauke shi. Garin Buxton da ke yamma, wanda ya fi tudu, yana samun ruwan da ya kai milimita 1,300 a shekara, Sheffield da ke gabas kuma 800 da ɗoriya, shi kuwa Eyam yana tsakaninsu. Yawan ruwan ba wani abin mamaki ba ne, domin Kaduna da Jos ma sun fi Sheffield samun ruwa. Bambancin shi ne namu kamar da bakin ƙwarya yake zuwa cikin wata biyar ko shida ya ɗauke, nasu kuwa yayyafi ne da hazo, yau kaɗan gobe kaɗan, shekara ta zagayo ciyawa ba ta bushe ba.

Lokutansu huɗu ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu ne, da rana sanyi kan tsaya wajen digiri 5 ko 6 a ma'aunin Salshiyas, da dare ya sauka zuwa inda ruwa ke daskarewa, wani lokaci dusar ƙanƙara ta toshe hanyoyin kan tudu. Daga Maris itatuwa ke fara toho, tumaki na haihuwa. Yuni zuwa Agusta shi ne bazararsu, amma zafin da suke kira zafi yawanci digiri 19 ne ko 20, abin da mu a nan za mu ce a nemo wa yara rigar sanyi. A Agusta ne kuma wani ɗan tsiro ke rufe saman tsaunin da fure mai launi tsakanin ja da shuɗi, kamar an shimfiɗa darduma. Daga Satumba ganye ke juyewa ruwan ɗorawa ya kakkaɓe. Ko da yake yanayin na sauyawa, domin a Yulin 2022 zafi ya haura digiri 40 a wasu sassan Ingila, karon farko tun da aka fara aunawa.

Abin da zai fi ɗaure wa Musulma kai shi ne tsawon yini. A ƙarshen Yuni rana kan fito tun kafin ƙarfe 5 na safe, ba za ta faɗi ba sai bayan 9:30 na dare, yini ya kai awa 17. A Disamba kuwa sai bayan ƙarfe 8 take fitowa, kafin 4 na yamma an kira magariba, wato azahar da la'asar da magariba duk cikin awa huɗu. A shekarun 2015 da 2016 da azumi ya faɗo a Yuni, 'yan'uwanmu na wannan yanki sun riƙa kai awa 18 ko fiye suna ɗauke da baki. Bugu da ƙari, a tsakiyar bazara jan sama ba ya gama ɓacewa har gari ya waye, dole malamansu ke ƙaddara lokacin lisha da asuba. Mu da Allah ya daidaita mana dare da rana sai mu ƙara godiya.

Ki riƙe wannan bayani na sanyi da zafi, domin yana da hannu a labarin da ya sa duniya ta san Eyam.

Ƙunshin yadi daga Landan

A shekarar 1665 annobar ɗa'un ta afka wa birnin Landan, inda ta kashe mutane kimanin 100,000, kusan ɗaya cikin huɗu na jama'ar birnin. Ciwo ne mai zuwa da zazzaɓi mai zafi da kaluluwa a hammata ko matsematsi ko wuya, fata ta yi baƙi-baƙi, cikin 'yan kwanaki mutum ya cika. A wancan zamani ba wanda ya san musabbabinsa, ana cewa gurɓatacciyar iska ce. Sai a 1894 wani likita, Alexandre Yersin, ya gano ƙwayar cutar a Hong Kong, daga baya aka fahimci ƙuma ce ke ɗauko ta daga jikin ɓera ta sa wa mutum, in kuma ta kama huhu tana bin tari daga wannan zuwa wancan.

A ƙarshen bazarar wannan shekara aka aiko wa telan Eyam, Alexander Hadfield, ƙunshin yadi daga Landan. Yaron shagonsa, George Viccars, ya kwance ya ji kayan da danshi, sai ya shanya su a bakin murhu. Abin da aka fi yarda da shi shi ne akwai ƙuma a cikin yadin, ɗumin wuta ya tashe ta. Ranar 7 ga Satumba, 1665 aka binne shi. Daga nan ciwo ya shiga gida-gida, kafin ƙarshen shekara mutum fiye da 40 sun rasu.

Da hunturu ya kankama sai mace-macen suka ragu, saboda ƙuma ba ta da kuzari a cikin sanyi, har mutane suka fara zaton an rabu da bukar. Ashe kwanton ɓauna ciwon ya yi. Bazarar 1666 ta zo da zafi da fari, irin wanda ya taimaka wa gobarar da ta cinye Landan a Satumban shekarar, sai annoba ta dawo da ƙarfinta fiye da na farko. Masu hali kaɗan sun riga sun fice, sauran jama'a kuma suka fara ɗaure kaya, niyyarsu su nufi Sheffield da Bakewell da sauran garuruwan kusa.

Shawara mai ɗaci

Limamin cocin garin a lokacin wani matashi ne, William Mompesson, wanda bai fi shekara biyu da zuwa ba, jama'a ba su gama sakin jiki da shi ba. Wanda suka fi amincewa da shi shi ne tsohon limaminsu, Thomas Stanley, da hukuma ta sauke saboda saɓanin aƙida. Mutanen nan biyu da ba sa ga-maciji a fahimtar addininsu suka ajiye saɓani, suka tara jama'a a watan Yunin 1666, aka amince da abu uku.

Na farko, kowane gida shi zai binne mamacinsa, nan kusa da gida ko a gona, ba taron jana'iza. Na biyu, an rufe coci, ibada ta koma wani kwari da ake kira Cucklett Delf, a sarari, kowane iyali ya tsaya nesa da ɗan'uwansa. Na uku, wanda ya fi ɗaci, an shata wa gari iyaka da duwatsu: ba mai fita, ba mai shiga, har sai ciwo ya wuce. Ki tuna ba soja aka girke musu ba, kuma ƙauyen ba shi da ganuwa. Duk wanda ya so zai iya sulalewa da dare ta kan tsauni. Alkawari ne kawai ya riƙe su, alhali kowa ya san zama na iya zama ajalinsa.

To ina abinci? Babban basaraken yankin, mai sarautar Devonshire da ke zaune a gidan Chatsworth, ya ɗauki nauyin aiko da abinci da magani, ƙauyukan kewaye su ma suna kawo kaya su ajiye a bakin iyaka su juya. Mutanen Eyam su zo su ɗauka, su bar kuɗi a cikin ramukan da aka fafe a jikin wani dutse aka cika da ruwan khal, ko a cikin ruwa mai gudu a wata maɓuɓɓuga da ke arewa da gari, da zaton hakan zai wanke cutar.

Watan Agusta shi ya fi muni, mutum fiye da 70 suka tafi a cikinsa. A nan ne labarin wata uwa, Elizabeth Hancock, yake, wanda na san zai taɓa zuciyar duk mai ɗa. Tsakanin 3 da 10 ga Agusta, kwana takwas kacal, ta rasa mijinta da 'ya'yanta shida. Da yake ba mai zuwa taimako, ita da kanta ta riƙa jan gawarwakin zuwa gona tana haƙa rami tana rufewa, mutanen Stoney Middleton suna hango ta daga tudu ba halin matsowa. Matar limamin ma, Catherine, da mijinta ya roƙe ta ta tafi da yaransu biyu, tura yaran ta yi ita ta zauna tana taya shi duba marasa lafiya. A watan nan ita ma ta rasu tana da shekara 27.

Mutum na ƙarshe ya rasu ranar 1 ga Nuwamba, 1666, da sanyi ya sake shigowa. Cikin wata 14 an rasa aƙalla mutum 260 daga gidaje 76. Masana tarihi sun yi saɓani kan yawan mutanen garin kafin annobar, wasu sun ce 350, wasu sun ce sun kusa 800, amma ko da na biyun aka ɗauka, ɗaya cikin uku ke nan ya tafi. Akwai masu binciken da ke ganin kullen ya ƙara yawan mutuwa a cikin ƙauyen, tunda masu lafiya sun ci gaba da zama da masu ciwo. Abin da ba a musu a kansa shi ne ciwon bai bazu a garuruwan da ke kewaye da su ba.

Abin da baƙo zai gani

Ƙafa ta isa ki zagaye Eyam cikin yini guda. Yawanci ana farawa ne daga gidan tarihin garin da aka buɗe a 1994, wanda a ƙololuwar rufinsa aka kafa siffar ɓera tana juyawa da iska. A ciki an baje labarin annobar gida-gida, da kayan haƙar dalma da na saƙa.

Daga nan sai ki gangaro titi zuwa jerin gidajen da ciwon ya fara. A ƙofar kowanne akwai allo mai ɗauke da sunayen waɗanda suka rasu a ciki da ranakun. A gidan tela an rubuta cewa matarsa Mary ce kaɗai ta rayu, ta rasa dangi 13. A wani gida kusa da shi, mutum tara 'yan gida ɗaya, ba wanda ya saura. Abin da ya ba ni mamaki shi ne har yau akwai masu zama a gidajen nan, ga furanni a ƙofa, ga labule a taga. Saboda haka a yi ladabi, kada a leƙa wa mutane ɗaki.

A harabar cocin akwai wani gicciye na dutse mai zane da ya haura shekara 1,000, da agogon rana na 1775 a jikin bango, da kabarin Catherine. Gaba kaɗan ga babban gidan Eyam Hall da aka gina a 1672, 'yan shekaru bayan annobar, wanda ya zauna a hannun zuriya ɗaya fiye da shekara 300. A filin da ke gabansa har yanzu ga turun da ake sa ƙafar mai laifi a da, jama'a na wucewa suna kallonsa.

Wurare biyu ne sai an ɗan taka. Ɗaya shi ne dutsen iyaka, a kan hanyar ƙafa mai zuwa Stoney Middleton, ramukansa shida na nan, baƙi na jefa sulalla a ciki. Ɗayan kuma kaburburan iyalin Hancock ne, a tsakiyar wani fili a gabas da gari, an kewaye su da 'yar katanga. Ba kowa a wurin sai iska da kukan tumaki. Na tsaya ina ƙirga duwatsun, na tuna nawa yaran da na baro gida, ban san sa'ad da hawaye ya zubo mini ba.

A ƙarshen Agusta garin kan cika. Ranar Lahadin ƙarshe ta watan suna taron tunawa da mamatan a kwarin nan da aka yi ibada, al'adar da ta faro tun 1866. A makon ne kuma suke ƙawata bakin rijiyoyinsu da manyan alluna da aka shafe da yumɓu aka lilliƙa furanni da ƙwayoyin tsirrai har su ba da hoto. Aikin hannu ne mai ban sha'awa, sai dai da yake ana haɗa shi da addu'o'insu na coci, namu kallo ne daga gefe. Haka kaburbura, mu wa'azi muke ɗauka a wurin, ba neman tabarruki ba.

In Allah ya kai ki

Da yawa daga cikinmu yanzu suna da ɗa ko ƙani ko miji da ke karatu ko aiki a Ingila. In kin samu zuwa, daga Mayu zuwa Satumba ne lokacin da ya fi daɗi. Akwai motar haya daga Sheffield, jirgin ƙasan da ke tsakanin Sheffield da Manchesta kuma yana tsayawa a Grindleford, 'yan kilomitoci daga ƙauyen. Ko da kin ga rana ta fito tarwai, kada ki bar lema da rigar sanyi, kuma ki sa takalmi mai rufi, domin hanyoyin gona akwai taɓo. Duk ƙofar shingen da kika buɗe ki mayar ki rufe saboda dabbobin mutane. Babu masallaci a Eyam, sai a Sheffield inda Musulmi 'yan asalin Pakistan da Yaman da Somaliya suke da yawa, don haka ki fito da alwala da 'yar dardumarki, alƙibla tana kudu maso gabas. Ki riƙo guzurinki, in kuma za ki sayi wani abu a shagunan shayinsu ki tambaya ko akwai giya ko kitsen alade a ciki.

Abin da aka riga aka gaya mana

'Yar'uwa, tun ina tsaye a gaban dutsen iyakar nan zuciyata ta tafi ga darasin da muke karantar da yara. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Usama bn Zaid cewa Manzon Allah (SAW) ya hana shiga garin da aka ji ɗa'un ya ɓulla, ya kuma hana wanda yake ciki fita don gudun ciwon. Nana A'isha (RA) kuma ta ruwaito busharar lada irin na shahidi ga wanda ya zauna a garinsu lokacin annoba yana mai haƙuri da neman lada, yana sane da cewa ba abin da zai same shi sai abin da Allah ya rubuta masa.

Sahabbai sun aikata wannan. Lokacin annobar Amwas a ƙasar Sham, wajen shekara ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar (RA) ya taso daga Madina, da ya iso wani wuri da ake kira Sargh aka ba shi labarin ciwon. Ya yi shawara da Muhajirai da Ansar, ya yanke a juya. Abu Ubaida bn Jarrah ya tambaye shi ko gudun ƙaddara ake yi, Umar ya nuna masa cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take, ya buga masa misali da mai raƙuma da ya sami wuri mai dausayi da wuri busasshe, duk inda ya kora su da ƙaddarar Allah ya kora. Sai ga Abdurrahman bn Auf ya iso ya faɗi hadisin da ya ji, Umar ya yi hamdala. Shi kuwa Abu Ubaida da ke cikin ƙasar bai fita ya bar rundunarsa ba, a nan ya rasu, haka Mu'azu bn Jabal. Da jagoranci ya koma hannun Amru bn Asi sai ya umarci mutane su warwatsu a kan duwatsu su daina cunkuso, Allah ya kawo sauƙi.

Wannan ya faru fiye da shekara 1,000 kafin Eyam. Mutanen Eyam Kirista ne, sun yi abin da suka yi ne bisa nasu imani da tausayin maƙwabta, kuma adalci ne mu yaba musu. Amma abin tambaya, su da ba su da wannan hadisi sun aikata abin da ya ƙunsa, har ana zuwa daga nesa ana ganin wurin. Mu da muka haddace shi fa?

Iyakarki tana bakin ƙofarki

Yau ɗa'un yana da magani in an gano shi da wuri, kodayake yana ɓulla jefi-jefi a ƙasashe irin su Madagaska da Kwango. Namu annobar su ne ƙyanda da sanƙarau da amai da gudawa, da mashaƙon da ya addabi Kano da Yobe da Katsina a 2023, ga kuma korona da ta kulle duniya a 2020. Kuma sau da yawa uwa ce ta farko da ke ganin alamar ciwo, ita ce kuma mai yanke ko yaro zai fita ko ba zai fita ba.

Ba zan manta wata shekara ba da aka turo mana yarinya aji idonta jawur, ƙuraje sun fara feso mata a bayan kunne, wai don kada gwajin hadda ya wuce ta. Kafin mako biyu benci ya yi gibi, har da ƙanin wata ɗaliba, jariri, da aka kwantar a asibiti. Uwar ba mugunta ta nufa ba, ba ta dai san ƙyanda tana yaɗuwa tun kwana huɗu kafin ƙuraje su fito har kwana huɗu bayan fitowarsu ba. Haka muke goya yaro mai tari da zazzaɓi mu shiga gidan suna cikin jarirai, don kada a ce ba mu da zumunci. Haka muke ɓoye gudawa a gida don kunya, alhali rijiya ɗaya muke sha da maƙwabta.

Saboda haka uwargida, in ciwo mai yaɗuwa ya shigo gidanki, Allah ya kiyaye, ki kai yaro asibiti da wuri, domin zaman gida ba ya nufin ƙin magani, kuma neman magani umarni ne na addini. Bayan nan ki hana shi makaranta da Islamiyya da gidan biki har ya warke, ki aika wa malamai da dangi gaskiyar abin da ke faruwa. Ki duba katin rigakafin yaranki, allurar ƙyanda a wata 9 da wata 15 kada ta wuce su. In kuwa gidan maƙwabciyarki ne abin ya faɗa, ki tuna mutanen Eyam ba su iya zama ba sai don akwai masu ajiye musu abinci a bakin iyaka. Ki zuba tuwo a kwano ki aika a ajiye mata a zaure, ki kira ta a waya, ki ɗebe mata cefane, kada ki bi layin masu tsegumi. Wadda ta san ba za a guje ta ba, ita ce ba za ta ɓoye ciwo ba.

Allah ya tsare mu da zuriyarmu daga annoba da miyagun cututtuka, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.